Zanen da ba a ɗaga biro: me ya sa ya gagara?

Tambaya: Malam, ɗana ya kawo mana wani wasa daga makaranta. Wai a zana akwati mai lungu huɗu, a ja layi biyu a ciki daga lungu zuwa lungu su gitta juna, ba a ɗaga biro, ba a kuma bin layi ɗaya sau biyu. Ni da babansa mun ɓata rabin littafi, abin ya ƙi. Akwai wata dabara ne?

Amsa: Hajiya, ki ajiye biron, ki bar wa yaro sauran littafinsa. Wannan zane ba ya yiwuwa, ko wa ya gwada.

Duk mahaɗar da biro ya ratsa, ta wani layi ya shiga, ta wani kuma zai fita. Ke nan layukan da suka haɗu a wurin dole su zo bibbiyu, adadinsu ya zama cika: 2, 4, 6. Wuri biyu kaɗai aka ɗaga wa ƙafa su zama mara, inda aka fara da inda aka ƙare. To, ki ƙirga na akwatinku. Kowane lungu layi 3 ne, biyu na gefe da ɗaya na gicciye. Lungu huɗu duk mara, alhali biro ba shi da mafari biyu da ƙarshe biyu.

Yanzu ki ɗora wa akwatin rufi mai tsini, ya koma kamar ɗaki. Lungunan sama sun sami ƙarin layi ɗaya ɗaya, sun zama 4. Mara ya rage a lungu biyu na ƙasa. Ki fara daga ɗayansu, za ki ƙare a ɗayan. Wanda ya fara daga tsinin rufi kuwa, ko ya kwana yana yi, sai layi ya yi saura.

Wannan lissafi na Leonhard Euler ne, masani ɗan ƙasar Switzerland da ya warware shi a 1736. Mutanen birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, a lokacin suna da gadoji 7 a kan kogin Pregel, suna kuma neman hanyar da mutum zai haye kowace gada sau ɗaya tak. Abin da ke burge ni shi ne Euler bai kula da tsawon gada ko girman unguwa ba. Ya dubi yankunan ƙasa huɗu da kogin ya raba kawai, ya ƙirga gadojin kowanne: 5, 3, 3, 3. Duk mara, sak irin matsalar akwatinku. Daga nan ake ɗaukar asalin ilmin ɗigo da layi, wanda yau ake tsara zagayen motocin kwashe shara da shi don kada su yi ta maimaita titi a banza.

Idan yaron ya nace cewa abokinsa ya yi, ki sa abokin ya zana a gabanki a hankali, idonki kan bakin biro. Akwai layin da yake komawa a kai.