Kada ka buɗe gwangwanin fentin nan tukuna

Ka ce kwalin jitar bes ɗin da ka yi oda daga Chaina ya iso, jiki daban, wuya daban, ramukan sukuru duk an huda, kana tambaya ko ka fara da fenti ne, in ya bushe sai ka ɗaura sauran. Har fentin ka sayo, na ga gwangwanin a jakarka. Ajiye shi bayan ƙofa ka jawo benci, don tambayar nan taka ta fama mini mikin da har yau bai warke ba.

Ba a yi wa jita fenti sai an haɗa ta tsirara, an ɗaura mata waya, an ji muryarta, sannan a sake kwance ta. Ramin da kamfani ya huda kuwa, kada ka yarda da shi ko da alama ce aka yi da zinariya. Yadda ake bin katako da samfefa, da yadda ake riƙe sukundireba, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai iya su ba, to ya nemi wata sana'ar.

Abin da ku yaran yanzu ba kwa son ji shi ne awo. Kun fi son a nuna muku bidiyon minti goma a waya, mutum ya zazzage kwali, hoto ya juya, sai ga jita tana ƙyalli. Ba a nuna muku makonni ukun da aka yanke a tsakiya. Bes ɗin lantarki da duniya take bi yau, Leo Fender ne ya fitar da shi a Kalifoniya a 1951, ya sa masa suna Precision, wato mai daidai, saboda ya jera masa ƙarafan nan na kan wuya da muke cewa firet, yadda yatsa zai faɗa kan ainihin sautin ba tare da lalube ba, saɓanin ƙaton bes na tsaye da ba shi da su. Tsawon wayar da ke rawa, daga ɗan ƙashin nan na kai zuwa jaki, wato farantin ƙarfen da wayoyi ke hawa a jikin jitar, inci 34 ne, milimita 864. A kan wannan lissafin aka dasa kowane firet, kuma na 12 shi ne tsakiya cif. Saboda haka kada ka karanta abin da aka rubuta a kwali, don akwai gajere mai inci 30, akwai kuma mai 35. Ɗauki rular ƙarfe, ba tef ɗin tela ba, ka auna daga bakin ƙashin zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu. Inda awon ya faɗa a jikin jitar, nan wayar G, siririyar, za ta hau jaki, a lokacin da ɗan sirdinta, ƙarfen da take zama a kai wanda ake gusawa gaba ko baya, yake kusa da ƙarshen gaba. Sauran ukun kowace za ta ɗan ja baya da ita, ta E mai kaurin nan ta fi kowa.

Ni wannan awon ne na tsallake sau ɗaya tak, kuma na biya.

Wajen shekara tara ke nan, ana tsakiyar damina, wani mai ƙungiyar kiɗa da ke wasa a otal-otal da wuraren biki a nan Sabon Gari ya shigo mini da kwali a kafaɗa. Mutum ne mai fara'a, mai daɗin baki, ya taɓa kawo mini gyaran jita sau biyu ya biya ba gardama. Samfurin Jazz ne, irin wanda Fender ya fitar a 1960, mai fikof biyu sirara, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar sautin waya. Ya ce yana da babban biki nan da wata guda, yana so ya hau dandamali da ita, launin faɗuwar rana yake so, baƙi a baki, ja na biye, ruwan zuma a tsakiya. Muka yi tsada. Na ce ya ba da kafin alƙalami, ya dafa kafaɗata ya ce haba Oga, ni da kai? Na ji nauyinsa na bari. Ya kuma ce in yanke masa kan jitar irin na Fender sak, don kan waɗannan na kwali yakan zo da faɗi kamar allo, ba a fitar da siffarsa ba. Dalili kuwa siffar kan nan mallakin kamfanin Fender ce, mai rajista. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka sha'awa ce kawai.

Kullum sai ya leƙo ya ce yaushe zai ga launi. Na san fenti shi ne mai cin lokaci, balle da damina, ga ramuka a hude, sai na ce bari in fara da shi, awo ya biyo baya. Na sayi fentin mota da tina da kuɗina. Feshin farko iska ta yi laima, saman ya yi fari kamar an watsa madara, na goge na sake. Na riƙa jiran ranakun da rana ta buɗe, ina fesawa ina bi da samfefar ruwa, har shafi goma sha ɗaya. Mako uku cur. Ran da na gama goge shi, maƙwabcina mai gyaran rediyo ya shigo ya ga fuskarsa a jiki, ya tsaya yana gyara hula. A duk Kano a lokacin ban san wanda zai fesa launin nan ya fi ni ba, kuma har yanzu ban gan shi ba.

Da na zo zura wuya a raminsa, sai ya ƙi shiga, fenti ya cike gefen. Na ɗan matsa, sai na ji ƙas, fentin ya tsage a kusurwar ramin, tsaga kamar silin gashi, tsawon ɗan yatsa. Na haɗiye wannan. Na ɗaure sukuru huɗun, na ɗora jaki a ramukansa, na ɗaura waya. Ina ɗaga ta na hanga daga kai, gabana ya faɗi. Wayar G tana tafiya tana gangarawa, kafin ta kai ƙarshen wuya ta kusa faɗawa waje, ta E kuwa ta shige ciki ta bar fili. Ramin wuyan a karkace aka fafe shi. Na saita sauti, na danna firet na 12, allurar na'urar auna sauti ta haura sama. Na ja sirdin E baya, na ja, har sifirin ɗin ya matse ya zama kamar zobe, sauti bai sauko ba. Sai a lokacin na ɗauko rula. Ramukan jakin sun matso wajen wuya da milimita 8.

Milimita 8, yaro. Faɗin fensirin da ke kunnenka.

Da katakon tsirara ne, aikin yini ɗaya ne. A cusa ƙananan turaku da gam a toshe ramukan, a gyara bangon ramin wuya, a sake huda. Amma da na miƙar da wuyan na mayar da jaki gurbinsa na gaskiya, sai ga shatin farantin jakin a kan fenti, don bai gama ƙarfi ba na ɗaure shi a kai. Ramin fikof na baya kuma a kan karkataccen layin aka fafe shi, wayoyi sun kauce wa maganaɗisu, kuma a samfurin Jazz babu robar da ke rufe wannan wurin, duk abin da ka yi a fili yake. Na zauna a bencin nan da kake kai har aka kira magariba ina neman dabarar da za ta ceci fentin. Babu. Washegari na sa hannu na kankare aikin mako uku har ƙasa.

Na faɗa wa mutumin gaskiya, ban ɓoye masa komai ba. Na ara masa bes ɗina ya yi bikinsa, ko sisi ban karɓa ba. Na sake sayen fenti, na sake wani watan. Jitar ta fito fiye da ta farko, kowane firet yana faɗin gaskiya tun daga kai har ƙarshe. Ran da ya zo, ya buga ta kusan rabin awa a shagon nan, ya rufe ido yana kaɗa kai. Ya ce bari ya je ya gwada ta a babbar sifikarsu da dare, da safe zai zo da kuɗi. Na ba shi, har da jakar da na ɗinka mata.

Safiyar nan ba ta waye ba har yau. Na yi sintiri gidansa sawu ya fi goma. Yau ya yi tafiya, gobe yana barci. Ran da na ritsa shi a bakin wani otal, a gaban yaransa ya ɗaga murya ya ce ai ni na ɓata masa kaya, na sa ya ji kunya a biki, in gode wa Allah bai ce in biya shi ba. Mutumin da ya yi bikin da jitata! Kuɗin fenti sau biyu da ladan wata biyu, in ka haɗa ya kai hayar shagon nan ta wata huɗu, kuma a shekarar ne na kasa biyan kuɗin makarantar babbar 'yata a kan lokaci. Ba rubutu, ba shaida, da me zan kai ƙara?

Abin da ya fi ƙona mini rai sai bayan kusan shekara biyu ya zo. Wani saurayi mai buga bes a coci ya kawo mini jita, ya ce ƙarshen ƙarafan wuya na yankar masa hannu. Yana zuge jaka na gane ta, kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Sai dai a kanta an manna sunan Fender, an bi da banish. Ya ce ta Amurka ce, ya shekara yana tara kuɗinta. Ban ce masa komai ba, na kwance sukuru huɗun na zare wuya na nuna masa cikin ramin, inda nake sa alamata da fensir a duk aikin da ya fita daga hannuna. Yaron nan ya zauna ya riƙe kai. Ashe tun ranar da mutumin ya ce in yanke masa kan, cinikin da yake shiryawa ke nan, da hannuna aka cuci bawan Allah. Na gyara masa kyauta, na kuma goge sunan da izininsa. Tun daga ranar ban sake yanke kan jita da siffar wani kamfani ba, kuma kai ma muddin kana ƙarƙashina ba za ka yi ba. Zana naka.

Ƙarafan da suka yanke shi kuwa ba laifin aiki ba ne, hunturu ne. Katakon da aka sarrafa a ƙasa mai laima, in ya sha iskar Disamba da Janairu a nan sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Shi ya sa nake so ka fito da wuyan nan daga leda ka rataye shi a inuwa mako biyu, ya sha iskar garin kafin ka taɓa shi. Wayoyi huɗun nan in an ɗaure su suna jan wuya da nauyin kusan kilo 80, buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, dare da rana. Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ita ke riƙe shi. Ana juya ta da alanki kwata ɗaya, a bar ta ta kwana, a duba. Na ga yadda kuke murɗa ta kamar kuna ɗaure tayar mota. In ta karye a ciki, wuyan ya zama itacen girki. Danne firet na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya wajen na 8, in katin kasuwanci ya shiga tsakanin waya da ƙarfe da kyar, ya isa.

Na lantarkin ba wani abu ba ne, takardar zane tana cikin kwalin, kuma ka iya narka dalma. Abu ɗaya dai, siririyar wayar at ɗin nan mai kashe gurnani da ke bi ta ƙarƙashin jaki, ka tabbata ka feɗe bakinta ta taɓa ƙarfe sosai, in ba haka ba ran da aka kunna janareta jitar za ta yi ta gurnani kamar gidan zuma. Kuma kowane sukuru ka fara huda masa ɗan rami, musamman ƙananan na mamurɗan waya da ke kai. Katakon wuyan yana da tauri, sukurun kwali kuwa ƙarfensu kamar tuwo, kansu ke gutsurewa ya bar maka gindi a ciki.

Ka ce ta wani abokinka ce, shi ya ba ka kuɗin odar. To kafin ka taɓa samfefa ya kawo rabin ladanka, a rubuta a littafin shago ya sa hannu, kuma ba ta fita ƙofar nan da sunan gwaji. Mai son gwaji ga amfilifaya nan a kusurwa, ya buga har ya gaji.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da zare mai ƙarfi. Za mu matse wuyan a raminsa ba tare da sukuru ba, mu ja zare biyu daga ramin E da na G na ƙashin kai zuwa inda jaki zai zauna, mu riƙa gusa wuyan har filin da ya rage a gefe da gefe ya zo ɗaya, mu kuma duba ko zaren ya bi ta kan maganaɗisu. Kai za ka riƙe rular, kai za ka faɗa mini lambar, sau biyu. Yanzu tashi ka rataye wuyan can nesa da taga, ka share ƙurar nan kafin a kira la'asar.