Tambaya da Amsa: In Sayi Gida a Kura Alhali Aikina Yana Birnin Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ofishinmu yana Sakatariyar Audu Bako, kuma ina zaman haya a Tarauni tare da maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu. Mai gidan ya yi mana ƙarin haya sau biyu cikin shekara uku, abin ya ishe ni. Wani dillali ya nuna mini gida mai ɗaki uku da wadataccen tsakar gida a garin Kura, kuɗinsa bai kai na fili ba a unguwar da nake, sai dai takardarsa ta mai unguwa ce kawai. Ina da ƙaramar mota. Shin in saya in koma can, in riƙa zuwa aiki kullum?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka biya kuɗin gidan nan yanzu, kuma kada ka fasa tunanin komawa Kura. Ka fara kama haya a can har ka ga damina ɗaya ta fita, sannan ka yanke hukunci. Na daɗe ina aikin ƙimanta gidaje da filaye a Kano da kewayenta, kuma abin da na lura da shi shi ne, mai sayen gida a garin da ke bayan birni yakan gwada kuɗin gida da kuɗin gida, ya ga rata mai yawa, ya manta cewa ratar nan ba ɓacewa take yi ba, biyanta ake yi sannu a hankali a kan hanya, wani lokaci kuma a gaban alƙali.

Mu fara da hanya. Daga tsakiyar birni zuwa Kura kimanin kilomita 30 ne a kan titin Zariya, wato kilomita 60 zuwa da dawowa. Idan motarka tana yin kilomita 10 da lita ɗaya, wanda shi ne abin da yawancin tsofaffin ƙananan motocinmu suke yi idan an haɗa da cunkoso, za ka ƙona lita 6 a rana, lita 132 ke nan a ranakun aiki 22 na wata. Mu ƙaddara lita ɗaya naira 1,000 domin sauƙin lissafi, kai kuma ka sa farashin ranar da kake karanta wannan: naira 132,000 a wata, sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara, ba a sa juyen mai da taya da birki ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, ka ga ke nan man zuwa aiki kaɗai ya kusa ninka shi. Kafin 29 ga Mayu 2023, lokacin da aka janye tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kuma mutane da yawa da suka yi gini a Kura da Gezawa da Dawakin Tofa da wancan lissafin suka yi. Na san waɗanda a yau suka ajiye motocinsu a ƙofar gida suna bin motar haya, na kuma san waɗanda suke kwana a shago ko gidan ɗan'uwa a birni daga Litinin zuwa Alhamis. Saboda haka ka ɗauki kuɗin hayar da kake biya a Tarauni a shekara, ka ajiye shi gefe da wannan adadi. Idan ka yarda za ka riƙa shiga motar haya, ko ku haɗu ku uku ko huɗu a mota ɗaya kuna raba kuɗin mai, lissafin zai sauya sosai, amma wannan shawara ce da ya kamata ka yanke tun kafin saye.

Titin kansa ba shi da laifi, tagwaye ne kuma an sake gina shi, daga Karfi zuwa Gadar Tamburawa har Kwanar Dawaki mota gudu take yi. Inda lokaci yake tafiya shi ne daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku da Dangi, inda tireloli da 'yan a daidaita sahu da motocin tasha suke haɗuwa. Dillali zai ce maka minti talatin ne, kuma gaskiya ya faɗa idan ranar Lahadi ce da hantsi. Ka gwada da kanka ranar Litinin, ka tashi daga ƙofar gidan da ƙarfe bakwai na safe, ka kuma dawo bayan magariba, domin tuƙin dare a babbar hanya sau biyar a mako wani abu ne da jiki da iyali suke ji.

Yanzu ga maganar takarda, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani. A wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ne yake ba da wannan haƙƙi, a sauran wurare kuma ƙaramar hukuma tana da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya. Sashe na 21 da na 22 sun ce ba a mayar da haƙƙin ga wani sai da amincewar hukumar da abin ya shafa. Mai unguwa da dagaci ba sa cikin waɗanda dokar ta ba wannan iko. Wannan ba ya nufin takardarsu ba ta da amfani. Tana da amfani ƙwarai a matsayin shaida cewa an yi ciniki a gaban mutanen da suka san asalin wurin, kuma ni kaina ba na yarda a sayi gida a ƙauye ba tare da sanin mai unguwa ba. Amma shaida ce ta ciniki, ba shaidar mallaka ba. Banki ba zai karɓe ta jingina ba, kuma idan kana cikin masu ba da kashi 2.5 na albashi ga Asusun Gidaje na Ƙasa, kana fatan wata rana ka ci moriyarsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya cikakkiyar takardar mallaka zai nema.

Akwai kuma tambayar asalin filin. Yawancin sababbin unguwannin da ke bakin waɗannan garuruwa gonaki ne aka yanka, abin da muke kira awon igiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a fitar da fuloti ƙafa 50 a 50 ko ƙasa da haka, a bar lungun da mota ɗaya ma da ƙyar take shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta. Sashe na 36 na dokar ya hana yanka irin waɗannan gonaki fuloti-fuloti, ko da yake kowa ya san yadda abin yake a zahiri. Haɗarin shi ne, idan gwamnati ta zo da aikin titi, ko layin dogo, ko babbar wayar lantarki, tana da ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona, ba ta kuɗin da ka sayi fili ba. Don haka ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna gidan ya fitar da lambobin wurin, ka kai su Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare da hukumar KANGIS, mai adana bayanan filaye da taswirar jihar Kano, a duba ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati ko an taɓa ba wani shi, ka kuma leƙa sashen ƙasa na ƙaramar hukumar Kura. Kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin gida, kuma mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushinsa.

A Kura akwai ƙarin abu ɗaya da babu shi a Gezawa ko Bichi. Garin yana cikin yankin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ake shayarwa daga madatsar Tiga, kuma ya ratsa Kura da Garun Malam da Bunkure a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Wannan shi ne arzikin garin, shi ya sa shinkafa da tumatir da albasa suke da sauƙi a can, shi ya sa masu sarrafa shinkafa suka cika shi. Amma ga mai sayen gida, yana nufin dole ka tabbatar cewa filin bai shiga gonakin da aka ware wa aikin ba, bai kuma hau kan bakin hanyar ruwa ba. Yana kuma nufin ruwan ƙasa yana kusa a wasu unguwannin. Idan ka koma duba gidan, ka tsuguna ka kalli ƙasan bango daga waje da ciki. Idan ka ga filasta tana kumbura tana zubowa kamar gari har zuwa gwiwa, ko wani farin abu kamar kanwa ya fito a jikin siminti, to damshi yana hawa daga tushe, kuma sabon fenti a ƙasan bango kaɗai alama ce da ya kamata ta sa ka yi tambaya. Ka leƙa rijiya da shadda ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Ka tambayi matan maƙwabta, ta bakin maiɗakinka, inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta, domin su ne suke share shi. Sauro kuma, inda ake shinkafa rani da damina, ba ya tafiya hutu, sai ka sa raga a tagogi da gidan sauro cikin kasafinka.

Sai maganar gado. Na taɓa raka wani malamin makaranta sayen gida a ɗaya daga cikin garuruwan nan, babban wa ne ya sayar, ƙannensa maza biyu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Bayan shekara biyu, ƙanwarsu da ke aure a wata jiha ta zo da mijinta ta ce ba a raba gado ba, ba a kuma nemi yardarta ba, kuma gaskiyarta ne. Aka yi ta zarya a kotu, ƙarshenta sai da mai sayen ya ƙara kuɗi aka sasanta. Laifin har da nawa, domin na tambayi maza nawa ne ban tambayi mata nawa ne ba. Idan gidan da aka nuna maka na gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kuma duk magada, maza da mata, su sa hannu, marayu kuma ta hannun waliyyin da kotu ta sani. Ka tuna cewa a mazhabar Malikiyya wanda yake da rabo a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe kason da aka sayar maka. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa kafin wannan ya tabbata, kuma duk abin da za ka biya ka tura ta banki zuwa asusun mai gidan, ba na dillali ba, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu, a kuma fayyace la'ada tun farko.

Game da zaman kansa, kai ne za ka fi kowa samun sauƙi, domin kullum kana birni. Waɗanda za su zauna a Kura na haƙiƙa su ne maiɗakinka da yara. Idan tana sana'a ko koyarwa, ko danginta suna cikin gari, wannan ƙaura tata ce fiye da taka, kuma ya dace a ji ta bakinta da gaske. Ka zagaya makarantun boko da Islamiyya na garin da ƙafarka, domin idan ka ƙare da ɗauko yara huɗu zuwa makarantar birni kowace safiya, ka rushe duk lissafin da muka yi a sama. Akwai babban asibiti a Kura, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, wato ta ɓangarenka na birni, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙananan yara. Wutar lantarki kuwa, ka tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai cajin waya na unguwar awa nawa suke samu, ka kuma sa kuɗin sola a cikin farashin gidan tun yanzu.

Ba na so ka ɗauka ina kushe garin. Mutumin da ya fito daga ɗaki biyu na haya ya sami tsakar gidan da zai ɗaure akuya, ya shuka zogale, yara su yi wasa ba tare da tsoron mota ba, ya sami wani abu da kuɗi ba ya saye a Tarauni. Abinci ya fi sauƙi, mutane sun san juna, kuma baƙon da ya gabatar da kansa ga mai unguwa da liman, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure, ba ya daɗewa yana baƙo. Wanda ya mai da garin wurin kwana kawai, ya fita da duhu ya dawo da duhu, shi ne yake shan wahala ranar da yake buƙatar mutane. Ta fuskar daraja kuma, gidajen da ke kusa da babban titi sun fi saurin samun mai saye idan buƙatar sayarwa ta taso, na can cikin lungu kuwa yakan daɗe a hannun dillalai, kuma masu sayensa 'yan garin ne da farashin garin.

Abin da zan yi da ni ne kai, zan nemi mai gidan ya ba ni hayarsa na shekara ɗaya, a rubuta cewa ni ne farkon wanda za a yi wa tayi idan za a sayar, kuɗina kuma ya zauna a inda yake. A cikin wannan shekara safiyo zai gama awo, amsar ma'aikata za ta fito, za ka san magada ɗaya bayan ɗaya, za ka ga bangon a watan Agusta, kuma littafin da kake rubuta kuɗin mai a ciki zai cika wata goma sha biyu. Idan mai gidan ya ƙi, ka kama wani gidan a unguwar, domin haya a Kura ba za ta kai abin da kake biya yanzu ba. Idan kuma dillali ya ce akwai wani mai saye da zai kawo kuɗi gobe, ka ce masa Allah ya sa albarka, ka karɓi lambar safiyon da ya auna filin tun farko, idan akwai shi.