Fatawa: Kuɗin da mai situdiyo ya ba mawaƙa, bashi ne ko jari?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan kamfanin ɗaukar waƙoƙi a Garwa, ƙasar Kamaru. Na ɗauki ƙungiyoyi uku na matasa masu yabon Annabi da waƙoƙin biki, da Hausa da Fillanci. Ina ba kowace ƙungiya sefa 300,000 kafin aiki, in biya situdiyo da bidiyo, sannan in cire kuɗina daga abin da ya shigo ta YouTube da wasanni. Idan waƙa ba ta karɓu ba, sai su biya ni kuɗina, kuma duk waƙar da za su yi nan gaba tawa ce. Wata ƙungiya ta ce na zalunce su. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin rigimar ta kai gaban alƙali.

Ita kanta waƙar tukuna. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne hana kayan kiɗa masu tsirkiya da sassautawa a kan bandiri wajen biki, yayin da Imam Gazali da Ibn Hazm suka faɗaɗa. Waƙar batsa da cin mutuncin mutane kuwa babu mai halatta ta, kuɗinta ma haramun ne. Amsata ta shafi waƙar da ta kuɓuta daga wannan.

Haƙƙin mallakar waƙa dukiya ce da ake saye da sayarwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, dokar Kamaru ta shekarar 2000 ma ta kare haƙƙin mawallafi. Don haka neman riba a wannan sana'a ba laifi ba ne.

Inda yarjejeniyarka ta ɓaci shi ne sefa 300,000 ɗin nan. Ka sa mata riga biyu: idan an ci riba jari ce, idan an faɗi bashi ce. Shari'a ba ta yarda da haka ba. In bashi ce, abin da ka bayar kaɗai za a mayar maka, kuma mallakar waƙoƙi da ka sharɗanta a kai amfani ne da bashi ya jawo, wanda malamai suka sanya a babin riba. Annabi (SAW) ya hana haɗa rance da ciniki a ƙulli guda, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. In kuwa jari ce, to asara a wuyanka take, su kuma wahalarsu ce ta tafi a banza. Wannan shi ne adalcin da aka gina ƙiradi a kansa, wato ba wani jari ya yi aiki da shi a raba riba. Abin yana damuna matuƙa, domin yaron da bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba zai sa hannu ko da bai gane me aka rubuta da Faransanci ba.

Sharaɗin mallakar duk waƙar da za su yi nan gaba garari ne, sayen abin da ba a san yawansa ko ƙarshensa ba. Ɓatacce ne, ko da sun yarda.

Mafita mafi tsabta a mazhabarmu ita ce ijara, wato ɗaukar su aiki a kan lada sananne: waƙoƙi kaza, lada kaza, a wata kaza, ka biya su, abin da aka ɗauka ya zama naka, riba da asara duka naka. Idan kun fi son raba abin da ya shigo, malaman Malikiyya suna ƙyamar ladan da ba a san adadinsa ba, amma Hanbalawa sun halatta aiki a kan kaso sananne, kamar rabi ko sulusi, kuma ina ganin babu laifi ku ɗauki wannan saboda buƙata. Sai dai a yanke wa'adi, kuma su riƙa ganin lissafin YouTube da idonsu, ba abin da ka faɗa musu da baki ba.

Ka kira ƙungiyoyin uku, a warware tsohon ƙulli. Abin da ka karɓa fiye da kuɗinka ta hanyar sharaɗin bashi ka mayar musu. A rubuta sabuwar yarjejeniya da harshen da suke ji, gaban shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta shiryar. Wallahu a'alam.