Za a zuba mana 'ya'yan tarwaɗar gona a dam, ko za su ɓata mana iri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar masunta a wani ƙaramin dam a jihar Jigawa. Kamu ya ja baya ƙwarai, sai wani ɗan siyasa ya yi alkawarin zuba mana 'ya'yan tarwaɗa 50,000 daga gonar ƙyanƙyasa. Ɗan kwangilar ya ce ingantaccen iri ne, zai gyara jinin namu. Sarkin ruwa ya ce atafau, kifin gona ɓata iri yake yi. Yanzu matasa suna cewa tsoho ya tare musu arziki. Hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A gaida mini Sarkin ruwa, Allah ya ja kwanansa. Gaskiya tana wajensa.

Wannan magana ta "ingantaccen iri zai gyara jini" na ji ta har kunnena ya gaji. Ingantacce a ina? A cikin tankin siminti, inda abinci ke faɗowa daga sama sau biyu a rana, babu tsage, babu giwan ruwa, babu rani. Naku kuwa kaka da kakanni sun san lokacin da sabon ruwa ke shiga ciyawa su hau su zuba ƙwai, sun san yadda ake jure zafin Afrilu a ɗan ragowar taɓo. Wannan duk gado ne, ba a sayar da shi a jarka.

Ka tambayi ɗan kwangilar abu ɗaya: iyaye nawa suka haifi dubu hamsin ɗin? Uwar tarwaɗa mai kilo ɗaya, idan aka yi mata allurar Ovaprim mai sa kifi sakin ƙwai, tana iya ba da ƙwai sama da 50,000 ita kaɗai. Namiji kuma ba ya tatsuwa, sai an farke shi an ciro maniyyin, shi ya sa masu ƙyanƙyasa suke tsumulmular maza. Ba abin mamaki ba ne duk abin da za a sauke muku ya zama 'ya'yan uwa uku da uba ɗaya. Su ma iyayen sau da yawa wa da ƙanwa ne, daga cikin 'yan nan masu saurin girma da suke cinye 'yan'uwansu a tanki aka ware su. Idan waɗannan suka rayu suka mamaye wurin hayayyafa, kai ya ƙaru amma gidaje sun ragu: dam guda ya koma zuriyar gida ɗaya, cuta ɗaya ko fari ɗaya ya ishe su. Masana biyu na ƙasar Suwidin, Ryman da Laikre, sun yi wannan gargaɗi tun 1991.

An kuma auna abin. A kogin Hood da ke jihar Oregon ta Amurka an bi diddigin wani kifi dangin salmon ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado, sakamakon ya fito a 2007: kowane zubi na haihuwa da aka yi a gidan ƙyanƙyasa yana rage nasarar hayayyafar kifin a kogi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ka lura, asalin iyayen daga kogin aka kamo su. To ina ga wanda kakanninsa goma ba su taɓa ganin kogi ba?

Ga kuma haɗin tarwaɗa da ramboshi (wani babban kifi danginta), wanda masu gona suke kira hetero. Za a rantse maka ba ya haihuwa. Wasunsu suna haihuwa, kuma a lokacin da suke kamar ɗan yatsa ba kowa ke iya bambance su ba, balle kwamitin da aka turo ɗaukar hoto. A Tailan tarwaɗar Afirka aka kai aka haɗa da tasu don kiwo, daga baya aka tarar da jininta a cikin kifin dajinsu. Guba in an zuba, a hankali ruwa yana iya wanke ta. Jinin da ya gauraya babu komar da za ta tsamo shi. Abin da ke ba ni haushi ke nan: a sa hannu a takarda, a kirga jarkoki, a buga ganga, babu wanda ya nemi sanin asalin kifin.

Kafin komai ku duba me ya rage kamun. In dumba ce, wato shingen kama kifi, ta tare hanyar ruwa, ko taru mai ƙananan idanu, ko su a farkon damina lokacin da uwaye ke ɗauke da ƙwai, to ko miliyan aka zuba haka za su bi. Ku rufe su na watannin hayayyafa, ku ware gefe guda mai ciyawa wanda ba a taɓawa.

In kuma ɗan siyasar ya nace sai ya yi alheri, kada ku kore shi. Ya gina wa matasan tafkunan kiwo nesa da inda ambaliya ke kaiwa, a sa raga a mafitar ruwan, kifin gona ya zauna can. Idan har dole sai an zuba a dam, a kamo iyayen daga dam ɗin ko kogin da ke shayar da shi, da yawa, maza daidai da mata, kowace uwa da nata namijin, a kuma sake sababbi duk shekara. Ku rubuta wa sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa, su turo wanda zai ga iyayen da idonsa kafin a biya ɗan kwangila ko sisi.