Allurar baya wajen tiyatar haihuwa: shin tana taɓa laka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Cikina wata tara, an ce za a yi mini tiyata a ciro jaririn saboda ya kwanta a gicciye, kuma allurar baya za a yi mini. Yayata ta ce allurar laka take sokewa, wai har akan shanye. Gaskiya ne? Na kasa barci don tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Ba a laka ake yin allurar ba, a ƙarƙashin inda ta ƙare ake yi. Sai kin san yadda bayan yake a gine za ki gane dalili.

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne, gaɓoɓi 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sai 5 da suka manne wuri guda a ƙugu, da 4 ƙanana a can gindi. Kowace gaɓa tana da rami, idan suka haɗu sai su zama kamar bututu, laka kuma a ciki take kwance. To amma laka ba ta kai tsawon bututun ba. Tun muna ciki ƙashi yake fin ta saurin girma, shi ya sa ga babban mutum take tsayawa a wajen gaɓar kwankwaso ta farko ko ta biyu, waɗanda muke kira L1 da L2. Ga jariri sabon haihuwa takan sauko har ta uku.

Daga nan zuwa ƙasa sai silin jijiyoyi masu zuwa ƙafafu da mara, suna yawo cikin ruwa. Masana na da da suka gan su sai suka sa musu suna wutsiyar doki, kuma da kin gani za ki yarda sunan ya dace. A cikin wannan ruwa muke zuba maganin. Jijiyoyin ba a ɗaure suke ba, in allura ta matso sukan kauce mata.

Ranar aikin za a zaunar da ke bakin gado, a ba ki matashi ki rungume, a ce ki sunkuya ki turo bayanki waje. Ba wahalar da ke ake yi ba, sunkuyon ne yake buɗe tsakanin gaɓoɓin. Za ki ji na ɗora hannuwa a kan ƙasusuwan ƙugunki biyu. Layin da ya haɗa samansu yakan ratsa wajen L4, daga nan nake lalubo gurbin da zan shiga, ƙasa da ƙarshen laka. Allurar siririya ce ƙwarai. Tana ratsa fata da kitse, ta wuce jijiyoyi uku masu ɗaure ƙasusuwan, sannan ta huda tantanin da ya rufe ruwan. Ba na tura magani sai na ga ɗigon ruwa garau ya fito a gindin allurar. Abin da ake zubawa kuwa kusan rabin ƙaramin cokali ne.

Cikin 'yan mintuna ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi, har ki kasa ɗaga su. A nan, a ganina, maganar shanyewa ta samo asali: mace ta ga ƙafarta ta ƙi motsi, ba wanda ya gaya mata haka ake so. Bayan awa biyu zuwa huɗu motsi yake dawowa. Kafin likita ya sa wuƙa sai mun gwada mun ga jiki ya mutu har zuwa wajen nono. Za ki ji ana taɓawa ana ja, amma ba zafi, kuma idonki biyu za ki ji kukan jaririnki.

Abin da ya fi faruwa shi ne jini ya sauka, wato kishiyar hawan jini, ki ji jiri ko tashin zuciya. Don haka ake sa ƙarin ruwa, ana awon jini akai-akai, magani na kusa. Wasu kuma sukan yi ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta, saboda ruwan yana ɗan yoyo ta hudar. August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, shi kansa ya sha wannan ciwon kai da aka gwada a jikinsa. Allurai na yanzu sun rage shi sosai, kuma yana da magani.

Lahanin jijiya mai ɗorewa yana yiwuwa, ba zan ɓoye miki ba, amma da wuya ƙwarai yake faruwa. Ki taimake mu da gaskiya: in kina shan maganin tsinka jini, ko jininki ba ya saurin tsayawa in kin yanke, ko akwai ƙurji a bayan, ko an taɓa yi miki aiki a ƙashin baya, ki faɗa tun kafin ranar. In kuma lokacin allurar kika ji wani abu kamar lantarki ya sauka ƙafa, kada ki daure, ki yi magana nan take a gyara allurar.