Macijin da ke kaɗa wutsiya a filin bayan gida

Ka ce ka ga maciji a filin bayan gidanka a jihar Arizona ta Amurka yana kaɗa wutsiya, ko mai ƙararrawa ne, wato maciji mai dafi da ke da ɓawo mai ƙara a wutsiya? Ba lallai ba. Dubi ƙarshen wutsiyar daga nesa: ta mai dafin dunƙule take da ɓawo a jere, ta macijin gofa, wani maciji mai kama da shi, siririya ce mai tsini. Gofa ba shi da dafi, sai dai in ya tsorata yakan baje kai, ya kaɗa wutsiya cikin busasshen ganye har ka rantse ƙararrawa ce.

Amma don Allah kar ka dogara da ƙara. Na taɓa ɗaga tukunyar fure na tarar da ɗan ƙaramin mai ƙararrawa, ɓawo ɗaya tak, shiru kake ji, alhali dafinsa na nan. In ba ka ga wutsiyar ba, ja da baya ka kira masu kama macizai.