Lambun Gida: Wane iri za a bar wa ƙanƙara, wanne za a rena a ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Gusau ce, aure ya kawo ni Toronto, bana muka samu gida mai ɗan fili a baya. Maƙwabciyata ta jera galan-galan cikin dusar ƙanƙara tun watan Janairu, wai shuka ce a ciki. Ina da irin attaruhu, tumatir, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, albasa da karas, ina kuma son furanni. Wanne zan sa a galan, wanne zan rena a ɗaki? Daga ƙanwarki a Toronto.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ni ma a Ontariyo nake, lardin Kanada da Toronto take ciki, na san wannan sanyin.

Abin da maƙwabciyarki take yi yana aiki ƙwarai. Ana samun galan na roba wanda haske ke ratsawa, a huda gindinsa wuri huɗu ko biyar don ruwa ya tsiyaye, a yanka shi ta tsakiya a bar wajen mariƙi bai rabu ba. A zuba jiƙaƙƙiyar ƙasar reno ta buhu, kaurin santimita 8 zuwa 10, a yafa iri, a mayar a naɗe da salatif. Murfin kuwa cire shi ake, don ruwa da ƙanƙara su riƙa shiga. Sai a ajiye a waje har Afrilu. Tunda a nan madara yawanci a leda take zuwa, ba a galan ba, nemi galan ruwan sha ko robar lemo mai lita 2. Sunan irin ki rubuta shi a gindin galan, domin rana tana cinye rubutun da ke sama.

Amma in gaya miki gaskiya, yawancin abin da kika lissafa ba na galan ba ne. Kowane iri ki tambayi kanki, daga wace ƙasa ya fito? Ɗan ƙasar sanyi a bar shi da sanyinsa. Kabeji, latas, burokoli, kale da faski duk suna jure shi, ki zuba su a galan a Fabrairu ko Maris hankalinki kwance. Wasu furannin ma sanyin suke nema. Irin da ya faɗi ƙasa a Oktoba, da zai tsiro nan take da hunturu ya kashe shi, shi ya sa Allah ya halicce shi ba ya tsirowa sai ya sha sanyi da danshi na wata guda ko fiye. Ki duba fakitin da aka rubuta Echinacea, Rudbeckia, lupin ko milkweed. Wannan na ƙarshen shi na fi so ki fara da shi. Ɗan uwan tumfafiya ne, da farin ruwansa da kwansonsa mai auduga, kuma a kan danginsa kawai malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da ake kira monak yake ƙwai. Ki dai yi haƙuri da su, mafi yawansu sai a shekara ta biyu suke fure.

Attaruhu kuwa ko kusa kada ki kai shi waje. Shi ne ya fi kowa wahalar reno a nan, shi ne kuma muka fi kewa. Yana son ƙasa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos kafin ya fasa, ko da hakan ma yakan kai mako 2 zuwa 3, wani lokaci wata guda cur. Da yawa a mako na biyu suke zubar da ƙasar, wai iri ya mutu, alhali yana nan da ransa. Ki shuka shi ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, a ƙananan kofuna masu huji, ki ɗora su kan tabarmar ɗumi ta lantarki da ake sayarwa a shagunan kayan lambu. Da ya leƙo, haske yake nema, awa 14 zuwa 16 a rana. Hasken taga a Maris ba ya isarsa, za ki ga tsiron ya yi tsawo siriri, ya karkata wajen gilashi, ya kife. Ki rataya masa doguwar fitila kusa da kansa, ki riƙa ɗaga ta yana girma. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan. In ƙasa ta yi caɓa-caɓa, wuyan tsiron ruɓewa yake ya faɗi dare ɗaya.

Tumatir bai kai shi rigima ba. Mako 6 zuwa 8 na reno a ɗaki sun ishe shi, wato ki shuka shi ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Mutanen nan suna jiran hutun Ranar Biktoriya, Litinin ta ƙarshe kafin 25 ga Mayu, sannan su yi dashe. Attaruhu ki ƙara masa har farkon Yuni. Kafin dashe ki yi mako guda ko kwana 10 kina fitar da su inuwa na 'yan awoyi kina mayarwa, kullum kina ƙarawa, in ba haka ba rana da iska su ƙone ganyen.

Karas ba ya son a taɓa saiwarsa, a fili za ki yafa shi daga ƙarshen Afrilu. Kuɓewa da alayyahu ma a fili, sai Yuni in ƙasa ta yi ɗumi. Jiƙa irin kuɓewar ya kwana.

Biyu ne nake jin miki takaicinsu. Yakuwa za ta ba ki ganyen miya har ki kyautar, in kin rene ta a ɗaki tun Afrilu. Sai dai ba ta fure sai yini ya gajarta, a Toronto kuwa kafin zoɓon ya ƙosa sanyin Oktoba ya riske ta. Shuka ta don ganye, zoɓo ki saya a shagon 'yan Afirka. Albasa ma da tsawon yini take aiki. Tamu ta gida, irin ta Galmi, da yini ya kai awa 12 take fara kai. A nan yinin Yuni ya haura awa 15, sai ta ɗaure kai tun tana ƙarama, ki tono 'yan mitsi-mitsi. Sayi irin nan mai son dogon yini, ki rene shi a ɗaki a Fabrairu. In kuma wani zai taho miki da iri daga gida, dole ya bayyana shi ga jami'ai a filin jirgi, doka ce.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Na ga wannan shukar galan a Facebook. Zan iya yin ta da hunturunmu na Kano? Daga wani mai lambu a Kano.

Amsa: Malam, barka kadai. Ban ba ka shawara ba. Ko a Janairu ranar Kano tana kusan digiri 30 da azahar, rufaffen galan dafa irin zai yi. Abin da manoman Kura da Kadawa suke yi shi ne daidai da ƙasarmu: ɗan fangalin reno mai laushin ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yafa iri a layi, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a ɗage ta da zarar ya tsiro. Ka fara tun Oktoba ko Nuwamba, don tumatir, kabeji da latas su ci sanyin kafin zafin Maris. Tumatir da kabeji mako 3 zuwa 4 sun isa dashe, albasa mako 6 zuwa 8. Karas kai ma a inda zai zauna za ka yafa shi. Dashen ka yi shi da la'asar sakaliya, ka bi shi da ruwa nan take.